Yadda Ake Gyara Lissafin Hawa a Kan Gada da Hanyar Cikin Dutse Kafin a Fita da Keke

Mai keken da ya tsara tafiyarsa a manhajar tsara hanya irin su Komoot, Strava ko Ride with GPS yakan duba abu biyu kafin ya fita: nisan hanya da jimillar hawan da ke jiransa. Nisan bai cika yin ƙarya ba, amma lissafin hawa yana iya kumbura fiye da kima idan hanyar ta bi ta kan gada ko ta ratsa cikin dutse, har mutum ya fasa hanya mai sauƙi don tsoron tudun da babu shi.

Tushen matsalar shi ne taswirar hanya daban, ma'aunin tudu daban. Yawancin manhajojin nan suna ɗauko layin hanya daga OpenStreetMap, taswirar intanet da jama'a suke haɗawa da kansu, sannan su ɗora shi a kan wani kundi da ke faɗin tsayin doron ƙasa daga saman teku. Wanda ya fi shahara cikin kundayen shi ne SRTM, wanda kumbon Endeavour na Amurka ya tattara da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida mai faɗin kusan mita 30, aka ba shi lamba guda. Ke nan abin da manhaja take karantawa ƙasa ce, ba kwaltar da tayar keke za ta taka ba. Gadar Golden Gate da ke San Francisco, wadda masu keke suke hawa kullum, faɗinta mita 27 ne, bai ma cika gida ɗaya ba, alhali tana sama da ruwa da kimanin mita 67. Manhajar da ba a koya wa bambancewa ba sai ta gangara da kai har fuskar ruwa, ta sake hauro da kai a ɗaya gaɓar. A cikin dutse kuwa akasin haka ne. Hanyar keke ta Fyllingsdalen a birnin Bergen na Norway, wadda aka buɗe a 2023, ta yi kusan kilomita 3 a ƙarƙashin dutsen Løvstakken, kuma duk kundin da saman ƙasa kawai ya sani zai ɗora mahayi bisa dutsen da shi a cikinsa yake tafiya. Akwai kuma tsufan awo: gadojin sama da na ƙasa da aka gina a Kano bayan shekarar 2000, irin ta Ƙofar Nassarawa, babu su sam lokacin da kumbon ya wuce.

Abin da za ka fara yi shi ne buɗe zanen tudu da gangara na hanyar, ka bi shi da ido daga farko zuwa ƙarshe. Hanyar gaske tana hawa ne a hankali tana sauka a hankali, saboda haka duk inda ka ga layin ya nutse farat ɗaya ya sake tasowa kamar bakin rijiya, ko ya yi tsini kamar gidan gara, ka tsaya a nan. Ka ɗora yatsa ko kibiyar kwamfuta a wurin, manhajar za ta nuna maka inda yake a taswira. Idan ka tarar da kogi, kwazazzabo ko layin dogo a ƙarƙashin hanyar, gada ce. Idan layin hanyar ya dushe ko ya koma tsinke-tsinke, ta shige ƙarƙashin ƙasa. Wata alamar ita ce tsananin hawan da aka rubuta, domin da wuya babban titi ya kai kashi 20 ko 30 cikin ɗari, wato hawan mita 20 ko 30 a kowane mita 100 na tafiya.

Da ka gane wurin, gyaran lissafi ne mai sauƙi. Ka karanta tsayin ƙasa a bakin shiga da bakin fita, ka ɗan ja baya kaɗan daga kowane baki don kada ka ɗauki lambar gangaren kogi ko ta jikin dutse, sannan ka ɗauka cewa hanyar ta miƙe tsakaninsu. A misali, a ce ramin, wato hanyar cikin dutsen, kilomita 1 ne, bakinsa yana mita 300, mafitarsa tana mita 320, dutsen da ke samansa kuma ya kai mita 450. Manhaja za ta rubuta maka hawan mita 150, alhali hawan gaske mita 20 ne, wato kashi 2 cikin ɗari. Sai ka cire mita 130 daga jimillar. Wannan dabara ba ta cika daidai ba a kan gada mai doro, wadda aka ɗaga tsakiyarta don jiragen ruwa su wuce; a nan akwai hawa na gaske, kuma hoton gadar daga gefe ya fi kowane zane gaya maka gaskiya.

Wanda yake son na'urar GPS ta kekensa ta nuna lambar daidai sai ya sauke hanyar a matsayin fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da ɗigogin hanya, ya buɗe shi da kowace manhajar rubutu. Kowane ɗigo na hanya yana ɗauke da lambobin wurinsa, da kuma tsayinsa a cikin alamar ele. Idan gadar ko ramin miƙaƙƙe ne, ka goge ɗigogin da ke tsakanin baki da baki, layin zai haɗe da kansa. Idan yana da kwana, kada ka goge, ka canza lambobin tsayin su riƙa ƙaruwa daidai wa daida. Sai dai a yi hattara, wasu manhajojin da ka mayar musu da fayil ɗin sukan watsar da lambobinka su sa nasu, don haka ka sake duba zanen bayan ka ɗora shi.

Kuskuren yana shafar zaɓin hanya ma. Manhajar da aka ce ta guji tudu tana iya kauce wa gadar da take shimfiɗe ta kai ka zagaye mai nisa, kuma maganin wannan shi ne ka dasa ɗigo a kowane baki don ka tilasta mata bi ta nan. Kafin ka yi haka ka tabbatar an yarda keke ya shiga, domin ramuka da gadoji da yawa na motoci ne kaɗai, kuma wanda aka yarda ma yana buƙatar fitilar gaba da ta baya. Ka kuma leƙa OpenStreetMap ka ga ko an sa wa wurin alamar bridge=yes ko tunnel=yes. Manhajojin da suke miƙe layi da kansu da wannan alama suke gane wurin, kuma duk mai rajista yana iya ƙara ta idan babu.

Bayan an dawo daga tafiya, Strava da Garmin Connect, manhajar na'urorin Garmin, suna da zaɓin gyara tsayi. Idan na'urarka tana da ma'aunin matsin iska, kuma ka bi ta gada ko rami, kada ka yi amfani da wannan zaɓi, domin yana iya musanya awon da aka yi a kan hanyar da lambobin taswira. Matsin iska yana raguwa ne da hawa, saboda haka ma'aunin yana ci gaba da aiki a cikin dutse, inda saƙon tauraron ɗan'adam ba ya isa, ko da yake iskar da manyan motoci suke turowa a rami tana iya sa awon ya ɗan yi rawa.