Yadda na dawo da haruffa masu lanƙwasa a na'urar karatuna

A 2010 na fara mallakar na'urar karanta littattafai, mai allon inci 6 irin na E Ink, wanda ba ya gajiyar da ido. Littattafan Turanci lafiya lau suke buɗewa. Amma da na loda wani rubutun Hausa, sai duk inda ɓ, ɗ ko ƙ suke, ɗan akwati ne ya tsaya a gurbinsu. "Ƙasa" ta koma akwati da "asa". Abin ya sosa min rai, domin saboda karatun Hausa na saye ta.

Da farko na zargi fayil ɗin, na sake adana shi da UTF-8, tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban. Shiru. Ashe salon rubutun (wato font) da ke cikin na'urar ne ba shi da waɗannan haruffa sam.

Sai na sauko da wani salon rubutu mai suna Charis SIL, wanda aka ƙera domin harsuna irin namu. Na buɗe littafin a manhajar Calibre, na mayar da shi EPUB, wato tsarin fayil na littattafai, na zaɓi a cusa salon rubutun a cikin fayil ɗin kansa. Ina mayar da shi na'urar, ƙugiyoyin nan suka fito tsaf. Daren nan sai da na kai babi na 4 kafin barci ya ɗauke ni.