Ɗalibai, ku daina juya min hunturu baibai

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, kurakurai iri ɗaya nake tararwa a takardun 'yan ajin labarin ƙasa, sai ka ce gadonsu ake yi. Jan birona ya gaji.

Uwar kurakuran ita ce ɗaukar cewa inda ake zafi can matsin iska yake da yawa. Baibai ke nan! Idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta sakayau take yi ta tashi sama, matsi ya ragu a wurin. Inda ake sanyi kuwa, iska nauyi take yi ta danno ƙasa, matsi ya ƙaru. Kuma kullum daga inda matsi ya yi yawa iska take gudu zuwa inda ya yi kaɗan, kamar tayar keken da ƙusa ta huda. Wa ya taɓa ganin iskar waje ta shige tayar da kanta?

Wata shekara wannan kuskuren ya kayar min da kusan rabin aji a jarrabawar gwaji, iyaye suka yi ta sallama a ƙofar gidana suna "Malam, lafiya kuwa?" Tun daga nan na hana hadda. Waje nake fitar da yara, in sa su tsaya su ji ta ina iska take bugun kuncinsu. A Disamba da Janairu Sahara ta huce, matsi ya taru can arewa, yankin ƙarancinsa ya gangara kudu wajen gaɓar teku. Sai busasshiyar iska ta kwararo mana daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ita ce hazon da ke shafe dutsen Kufena na nan Zariya, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Da bazara ta kama a Maris da Afrilu, hamada ta ɗau zafi, matsinta ya faɗi, sai ta fara zuƙo iska mai laima daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Wajen Mayu ruwa ya sauka a Zariya, a Agusta kuwa, lokacin da iyakar da busasshiyar iska da mai laima suke haɗuwa ta kai wajen digiri 20 arewa da ikwaita, sai malka. Yaron da leɓensa ya tsage jiya, yau ya rubuta min cewa hunturu daga teku yake zuwa? Haba!

Na biyu ya fi ba ni tausayi, domin masu lura ne suke faɗa masa. Sai yaro ya rubuta cewa iskar damina daga gabas take, tunda tun yana ƙarami yake ganin hadari yana haɗowa ta gabas. Idonsa bai yi ƙarya ba, amma iskar hawa biyu ce. Ta ƙasa ita ke kawo laima daga kudu maso yamma. Can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, ita ke tura hadarin zuwa yamma. Sanyayyar iskar nan da ke riga ruwa isowa ta yaye kwano, daga cikin gajimaren take rikitowa ta bazu a ƙasa. Ni sai na sa ɗalibi ya zana kibiya biyu, ɗaya bisa ɗaya, kafin in bar shi ya rubuta ko harafi.

Sauran ƙanana ne. Da inda ta fito ake yi wa iska suna, ba inda za ta ba. Juyawar duniya, wadda Bafaranshe Coriolis ya yi bayanin tasirinta a 1835, ba ta tayar da iska, karkatar da ita kawai take yi, dama a arewacin ikwaita, hagu a kudu. Kada kuma ku ɗora mata laifin 'yar guguwar da ke wasa da leda a filin ƙwallo, zafin ƙasa ne. Layukan matsi a taswira in sun matsu da juna, iska mai ƙarfi ce. Milibar 1013 kuma, wato matsakaicin awon matsin iska, na bakin teku ne. Zariya tana sama da mita 600, don haka ma'auni dole ya nuna ƙasa da haka ko da tsakar hunturu, kada wani ya gani ya ɗauka ruwa ne zai sauko ya ruga ya kwashe shanya.