Yadda na gyara sabuntawar Windows 10 mai tsayawa da lambar 0x80070002

An ɗauke wuta ne kwamfutar shagona tana tsakiyar sauke sabuntawa. Tun daga nan, da na danna Retry sai ta ɗan yi gaba ta cije, ta nuna 0x80070002. Na zaci intanet ce, na sauya layi, ba ta canza zani ba. Agogo da kwanan wata ma daidai suke.

Ashe guntayen fayilolin da suka lalace ne kwance a jakar SoftwareDistribution, inda Windows ke ajiye fayilolin sabuntawa. Na buɗe Command Prompt ta Run as administrator, na rubuta waɗannan, ina danna Enter bayan kowanne:

net stop wuauserv
net stop bits
ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old
net start bits
net start wuauserv

Waɗannan umarnin suna tsayar da ayyukan sabuntawa, su sauya wa jakar suna, sannan su sake tayar da su. Sauya wa jakar suna ya fi goge ta, don in wani abu ya taso ana iya mayar da ita. Windows da kanta take ƙirƙirar sabuwa.

Na sake kunna kwamfutar, na shiga Settings, Update & Security, na danna Check for updates. Ta sauke komai daga farko, ta ci data sosai, amma ta kammala lafiya. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Yanzu sai na jona ta da UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, nake barin ta ta fara sabuntawa.