Darasi Na Shida: Me Ya Sa Ƙarfe Ke Tsatsa A Hankali, Ashana Kuma Ta Kama Nan Take?

Ku ƙyasta ashana. Kafin ku ƙirga goma ta cinye. Ku jefar da ƙusa a waje, ruwan sama ya riƙa dukanta. Sai an yi kwanaki kafin tsatsa ta rufe ta, kuma sai an yi shekaru kafin ta cinye ta gaba ɗaya. Abin mamaki, aiki iri ɗaya ne ke faruwa a wuraren biyu. Iskar oksijin ce take haɗuwa da wani abu, ta mayar da shi wani abu dabam. Wannan shi ake kira sauyin sinadarai. Bambancin kawai shi ne sauri.

A wannan darasi za mu ga abin da ke sa sauyin ya yi sauri ko ya ja ƙafa, domin wanda ya san haka yana iya hura shi, yana kuma iya danne shi.

Sai an yi karo

Kowane abu a duniya, ƙarfe ne ko itace ko ruwa, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin nan ba sa zama shiru, kullum cikin motsi suke. Kafin abu biyu su sauya, dole ƙwayoyinsu su yi karo da juna. Kuma ba kowane karo ke aiki ba. Idan suka gogi juna a hankali, kowace sai ta kama gabanta. Sai karon ya yi ƙarfi sannan tsohon haɗi ya ɓalle, sabo ya ƙullu.

Shi ya sa ashana take kwance a kwalinta wata da watanni ba ta kama ba, alhali iska na kewaye da ita. Tana jiran ɗan zafin da gogawa ke kawowa. Kamar dutse ne a bayan tudu: sai an tura shi ya hau, sannan ya gangara da kansa.

Ku riƙe tambayoyi biyu: sau nawa ake karo, kuma da wane ƙarfi? Duk sauran darasin a kansu yake.

Zafi

Zafi shi ne babba. Idan abu ya ɗumama, ƙwayoyinsa sai su ƙara gudu, karo ya yawaita, ƙarfinsa ma ya ƙaru. A shekarar 1889 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya fitar da lissafin wannan. Abin da za ku ɗauka daga ciki mai sauƙi ne: a sauye-sauye da yawa, ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka sauri sau biyu. Ku lura, ninki ne, ba ɗan ƙari ba. Ƙarin digiri 20 ya zama wajen ninki huɗu ke nan.

Yanzu ku duba kwalin magani. Sau da yawa za ku ga an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30. Ba don ado aka rubuta ba. Magani yana lalacewa sannu a hankali ko ba a buɗe shi ba, zafi kuma yana gaggauta lalacewar. Ranar ƙarewar aiki da aka buga a jiki ta dogara ne a kan an ajiye shi yadda aka ce. Wanda ya bar magani cikin mota a rana ya rage masa kwana, ko da kwanan watan bai cika ba. Batirin waya da na mota ma haka suke, zafi yana tsofar da su da wuri.

Firji, wanda sanyinsa yake wajen digiri 4, ba ya tsayar da lalacewa. Rage mata gudu kawai yake yi.

Yawa

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Idan maƙeri ya danna zugazugi, yana tura wa gawayi ƙarin oksijin ne, karo ya yawaita, wuta ta yi ja. Idan aka rufe wuta da yashi ko bargo mai kauri, an raba ta da oksijin, sai ta mutu. Saboda haka ne ake hana sigari da kowace irin wuta kusa da tukunyar oksijin a asibiti. A cikin oksijin zalla, abin da da ƙyar yake ci sai ya tashi kamar an zuba masa fetur.

Girman fuska

Gungumen itace yana daɗewa yana ci, domin bayansa kaɗai iska ke taɓawa. Ku faskara shi, ya fi saurin kamawa. Ku mayar da shi gari ku watsa a iska, ya zama abin tsoro, don kowace ƙwayar ƙura tana kewaye da oksijin ta ko'ina. A 1878 ƙurar fulawa ta tarwatsa wata babbar masana'antar niƙa a birnin Minneapolis na Amurka, mutum 18 suka rasu. Mai aiki a wurin niƙa ko yankan katako kada ya raina ƙurar da ta taru a rufaffen ɗaki.

Wannan ne ma dalilin da bai kamata a daka ko a tauna kowace ƙwayar magani ba sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali cikin awoyi.

Dillali

Akwai abubuwan da ke hanzarta sauyi amma su ba sa ƙarewa. Ana kiransu katalis. Aikinsu kamar na dillali ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya juya ya nemi wasu. Sai dai wannan dillalin ko la'ada ba ya karɓa. Abin da yake yi shi ne rage tsayin tudun nan da muka ambata, har karo mara ƙarfi sosai ya wadatar.

Takin zamani mai naitirojin ya samu ne ta wannan hanya. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma yana da taurin kai, ba ya son haɗuwa da komai. A Jamus, Fritz Haber ya nuna hanyar haɗa shi da wata iska mai suna haidirojin a 1909 don samun sinadarin da ake yin takin da shi, Carl Bosch kuma ya kai aikin masana'anta a 1913. Har yau ana amfani da ƙarfe a matsayin katalis, tare da zafi mai tsanani da matsi mai yawa. A jikinmu ma akwai irin waɗannan dillalai, ana kiransu enzayim. Su ne ke sa jiki ya sarrafa abin da ya shiga cikinsa a zafin digiri 37 kacal. Zafi mai yawa yana lalata su, don haka a nan ƙarin zafi ba ƙarin sauri ba ne har abada.

Aikin gwaji

Ku samo ƙwayar bitamin C irin mai tafasa a ruwa, guda huɗu, da kofuna masu girma ɗaya. Ku sa ɗaya a ruwan sanyi, ɗaya a ruwan ɗumi, a lokaci guda. Wani ya riƙe agogo, ku rubuta daƙiƙa nawa kowace ta ɗauka kafin kumfa ya tsaya. Sannan ku daka ta uku, ku bar ta huɗu yadda take, ku zuba su a kofuna biyu da ɗumin ruwansu yake daidai. Ku sake rubutawa.

Na gida kuma: ƙusa huɗu sababbi. Ɗaya a busasshen kofi, ɗaya a ruwa, ɗaya a ruwan gishiri, ta huɗu ku shafe ta da man inji kafin ku sa ta a ruwa. Ku duba su kowace safiya har kwana 7. Kowa ya zo da littafinsa, da jimla ɗaya da ya rubuta da hannunsa a kan kowace ƙusa.