Yadda ake ƙiyasta kuɗin gida mai zaman kansa daga cinikin baya

Gidan da ke tsaye shi kaɗai cikin katangarsa, ba ya haɗa bango da na kowa, dukiya biyu ce a wuri ɗaya: fili da gini. Fili yakan ƙara daraja da shekaru, gini kuwa tsufa yake yi. Wanda ya haɗa su ya yi musu kuɗi ɗaya, ko dai ya cuci kansa ko ya kori mai saye. Don haka duk lissafin da ke tafe raba su yake yi.

Fara da neman cinikin da aka riga aka kammala a unguwar, guda uku zuwa biyar, waɗanda ba su wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Kuɗin da aka biya ake so, wato inda aka ce "na sallama". Kuɗin da mai gida ya sa wa gidansa buri ne kawai, kuma gidan da ya shekara a hannun dillalai ba a saya ba yana nuna maka farashin da kasuwa ta ƙi. A Najeriya babu wani rajista da kowa zai buɗe ya ga abin da aka sayar da gida, kuma adadin da ake rubutawa a takardar ciniki sau da yawa an rage shi saboda kuɗin da ake biya wa gwamnati. Sai ka tambayi dillalai biyu ko uku da ba su san juna ba, da mai unguwa, da wanda ya yi shaida a cinikin. Ka tambaya ko la'ada na cikin adadin da aka faɗa. Cinikin da aka yi tsakanin 'yan uwa, ko wanda magada suka yi cikin gaggawa don a raba gado, ajiye shi gefe, domin ba farashin kasuwa ba ne.

Daga nan sai a kawo tsohon farashi zuwa yau. Hanya mafi aminci ita ce a samo gida ko fili a unguwar da aka sayar sau biyu. Misali, fuloti mai ƙafa 50 da 100 da aka saya naira miliyan 15 a 2021, aka sake sayar da shi miliyan 30 bana, ya nuna fili a layin ya ninka. Kada ka ɗauki wannan ninki ka ɗora a kan gidan gaba ɗaya. Kada kuma ka ɗauki ƙididdigar hauhawar farashi ta ƙasa ka ninka da ita kai tsaye. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, amma abinci ne ya fi jan wannan adadi. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yuni, siminti da rodi da kwano sun yi tashin gwauron zabi, alhali kuɗin da ke hannun masu saye bai bi su ba. Shi ya sa duk cinikin da aka yi kafin tsakiyar 2023 sai an yi taka-tsantsan da shi.

Ginin kuma, kira magini ko injiniya ya auna shi, ya faɗi abin da za a kashe a yi irinsa yau, da irin tayil ɗinsa da silin da tagogi. Sai a cire tsufa. Idan an ɗauka ginin bulo da siminti zai yi shekara 60, mai shekara 12 ya ci kashi 20 cikin 100 na rayuwarsa. A ce sabon irinsa miliyan 70 ne, saura miliyan 56. Idan rufin na yoyo kuma wayoyin wuta na buƙatar canji, gyaran ya kai miliyan 4, saura 52. Haɗa da fili na miliyan 30, ka samu 82.

Yanzu gwada 82 ɗin da gidajen da ka tattaro. In an sayar da su miliyan 75 da 80 da 90, duba abin da ya bambanta su da naka. Na 90 yana bakin kwalta ne? Na 75 yana lungun da mota ba ta shiga, ko a kwarin da ruwa ke kwanciya da damina? Rijiyar burtsatse, faɗin tsakar gida, da kasancewa a kwana duk suna ƙara kuɗi. Wanda ya fi kama da naka shi za ka fi ba nauyi. Idan lissafin gini ya fi cinikin unguwa nesa, cinikin unguwa za ka bi. Gidan alfarma a unguwar masu ƙaramin ƙarfi ba ya mayar da kuɗin da aka zuba masa, kuma nan ne masu gida suka fi yaudarar kansu.

Takardu su ma kuɗi ne. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna, takardar C of O, wato shaidar haƙƙin mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, galibi ta shekara 99 ce, kuma sai da amincewar gwamna ake mayar da ita ga wani. Gida mai wannan takarda ya fi wanda ke da takardar ciniki da hatimin mai unguwa kawai daraja, domin banki na karɓar sa jingina. Kada ka gwada mai takarda da marar takarda ba tare da ka rage ba. Je ofishin rajistar filaye na gwamnati, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, ka tabbatar da sunan da ke kan fayil, da ko akwai bashin kuɗin ƙasa ko jingina, domin duk bashin da ke kai daga kuɗin gidan zai fita.

Sakamakon ka faɗe shi a matsayin tsakani, kamar miliyan 78 zuwa 84, ka kuma rubuta ranar da ka yi lissafin, domin bayan wata shida yana iya tsufa. Idan maganar ta banki ce ko kotu ko rabon gado mai rikici, wannan ƙiyasi bai isa ba. Nemi ƙwararren mai kimanta kadarori da ke da rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, ya rubuta rahoto da sa hannunsa.