Darasi na 9: Baƙin tsuntsaye a lokacin bazara

Tambayi kowane manomi abin da zuwan shamuwa yake nufi, zai ce maka a gyara gona, ruwa ya kusa. Ba makaranta ce ta koya masa ba, ido ne da yawan shekaru. A wannan darasi za mu ɗora biro da takarda a kan wannan sani.

Bazara lokacin sallama da maraba ne ga tsuntsaye. Daga Maris zuwa Afrilu, waɗanda suka gudo wa sanyin Turai suna haramar komawa gida. Shamuwa kuwa a lokacin take isowa daga kudancin Afirka, tana biye da ruwan sama. Baƙa ce, cikinta fari, ga dogayen ƙafafu, fara da ƙwari ne abincinta.

Cikin masu tafiya akwai wata tsattsewa mai jan maƙogwaro da doguwar wutsiya mai baki 2 kamar almakashi. Da yamma za ka gan su jere a kan wayar lantarki. Nauyin guda wajen giram 20 ne, tana shiga tafin hannu, amma ita ce za ta ƙetare Sahara da Bahar Rum. Ikon Allah ke nan. Shi ya sa ƙananan tsuntsaye masu wannan tafiya suke dagewa da ci kafin su tashi: kitsen jikinsu ne guzurinsu.

In kana son ganin waɗannan tsuntsaye, a Jos ba sai ka yi nisa ba. Bakin dam ɗin Lamingo, kududdufan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield, gindin duwatsun Shere, ko ma gonarka, duk sun isa. Mai son ƙarin sani ya nufi dajin Amurum a Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take aiki tare da Jami'ar Jos. An ga tsuntsaye fiye da iri 300 a can. Ma'aikatan sukan kama tsuntsu da raga, su auna shi, su sa masa zobe mai lamba a ƙafa, su sake shi. In ka tsinci mataccen tsuntsu da irin wannan zobe, ba sihiri ba ne. Karanta lambar, ka rubuta, ka kai musu.

Fita bayan sallar asuba, da gari ya fara waye. Kada ka sa farar riga, daga nesa za su hango ka. Juya wa rana baya don launin gashinsu ya fito. Sami dutse ka zauna, ka kashe ƙarar waya, yara kuma su bar danƙo a gida. Tabarau mai jawo nesa yana da amfani, amma tsadarsa kada ta hana ka fita. Kunne ma yana aiki, tunda kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ba ka san sunansa ba, kwatanta shi da na gida: ya kai kurciya, ko bai kai ba?

Aiki: Ɗauko littafinka ka rubuta kamar haka:

12 Afrilu. Lamingo. Ƙarfe 6:30 na safe. Shamuwa 4. Tsattsewa 15.

Yi haka sau 3 a wannan mako. Ranar da aka yi ruwan farko, rubuta ta ita ma, ka ƙirga kwana nawa ne tsakaninta da ranar da ka fara ganin shamuwa. Kawo littafin aji ranar darasi na gaba.