Yadda ake gane gizo-gizo mai dafi da yadda za a rabu da shi a gida

Jama'a tunda damina ta sauka nan Garwa ta Kamaru ƙwari sun cika gidaje, duk inda ƙwaro ya yi yawa kuwa gizo-gizo na biye da shi, shi ya sa na ce bari mu tattauna, don ba kowanne ne abin kashewa ba.

Da farko ka san wanda kake gani. Wannan mai dogayen ƙafafu sirara kamar zare da ke saƙa a kusurwar silin ba ruwansa da kai, sauro yake kama maka kyauta. Haka ma mai faɗin nan da ke manne da bango da dare, gudu ne da shi kawai. Wanda za ka kiyaye ƙarami ne, ruwan ƙasa, cikinsa kamar ƙwallo, a ƙarƙashin cikin akwai tabo ja ko ruwan lemo. Yanarsa a hargitse take kuma ƙasa-ƙasa yake yinta, ƙarƙashin kujerar roba, bayan randa, hannun bidon (wato jarka), cikin tsohuwar tayar moto. Ko ba ka gan shi ba in ka ga jakar ƙwansa, 'yar dunƙulalliya mai tsini-tsini, to yana nan kusa.

Sai shara. Ɗaura tsintsiya a doguwar gora ka kwashe yana duk sati, jakar ƙwan kuma murƙushe ta da takalmi, in ka share ta waje kawai wallahi aikin banza ka yi, ƙyanƙyashewa za ta yi su dawo. Itacen girki da buhunan gawayi a nisanta su da ɗakin kwana, kar a cusa hannu ciki a duhu. Janye gado daga bango, a cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa, tsagar bango a toshe da siminti. Fitilar ƙofa ita ke tara ƙwari, in ba dole a kashe. Takalmi kuwa a kakkaɓe kafin a sa, wannan har kunama yana raba ka da ita.

Ni ban cika yarda da feshi ba, in bai same shi kai tsaye ba sau da yawa kuɗinka ne ya tafi.

In ya ciji mutum a wanke da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, a sha farasitamol. Dan Allah ban da tsagawa da reza, ban da tsotsa, ban da ɗaure hannu tamau. In ciki ya fara murɗawa, ko jiki na ɗaɗɗaurewa da zufa, ko wurin yana baƙi, ko kuma yaro ne, a wuce asibiti, in da hali a ɗauki hoton gizon a waya a nuna wa likita.

Af, ƙurajen nan masu ruwa da muke cewa fitsarin tautau, galibi wani ƙwaro ne mai bin fitila aka murje a fata, don haka in ya sauka maka a wuya hure shi za ka yi, kar ka mare shi.